Ƙarin Sinadarai a Abincin Kajin Nama: Tambayoyi da Amsoshi Kan Girman Kaza da Naitirojin da Ke Bin Iska

Duk wanda ya taɓa buɗe ƙofar ɗakin kajin nama da sassafe, musamman a mako na biyar, ya san warin nan mai dukan hanci da sa ido ƙwalla. Masu kiwo da yawa sun ɗauke shi abin da ba makawa, wai kaza ce dole ta yi wari. Ni kuwa duk lokacin da na shaƙe shi, furotin ne ke faɗo mini a rai. An saye shi da tsada, an zuba wa kaza, bai zama nama ba, bai kuma tsaya cikin taki ya amfani gona ba. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda suka fi fitowa daga bakin masu kiwo game da sinadaran da ake ƙarawa a abincin burola, wato kajin nama, da yadda suke taɓa girman kaza da ƙarfin takinta.

Me ya haɗa abincin da kaza ta ci da warin da ke tashi a ɗaki?

Naitirojin ne ya haɗa su. Kusan kashi 16 cikin 100 na nauyin furotin naitirojin ne, shi ya sa masu awon abinci ke raba yawan furotin da 6.25 in suna son sanin naitirojin da ke ciki.

Bari mu yi lissafi da kaza guda. A ce ta ci kilo 4 na abinci mai furotin kashi 20 cikin 100 kafin ta kai kilo biyu da rabi. Ta haɗiye giram 800 na furotin ke nan, wato naitirojin giram 128. Jikinta, da tsoka da gashi da komai, zai riƙe wajen giram 74. Sauran giram 54 ɗin sun fita ta kashi. In kajin dubu ne, kilo 54 ke nan na naitirojin a zube a ƙasa. Buhun takin yuriya mai kilo 50 naitirojin kilo 23 yake ɗauke da shi, don haka abin da zubi ɗaya na kaji dubu ke kasayarwa ya haura buhu biyu na yuriya.

Yanzu a ce hanjin kazar bai da lafiya, sai da ta ci kilo huɗu da rabi kafin ta kai wannan nauyi. Naitirojin da ta ci ya zama giram 144, jiki bai riƙe fiye da 74 ɗin nan ba, abin da ya fita ya tashi zuwa 70. Abinci ya ƙaru da rabin kilo kacal, amma abin da ya zube ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100. Wannan lissafi shi ne ƙashin bayan duk amsoshin da ke gaba. Abin da ya sa kaza ta mayar da abinci nama da kyau, shi ne kuma yake rage abin da take zubarwa.

Farin nan da ake gani a kan kashin kaza mene ne?

Fitsarinta ne. Kaza ba ta da mafitsara, kuma ba ta fitar da yuriya cikin ruwa kamar saniya ko mutum. Tana mayar da rarar naitirojin wani abu mai kauri da ake kira yurik asid, ya fito tare da kashi, ya zauna a kansa fari fat kamar an ɗiga alli. Mafi yawan naitirojin da ke cikin sabon kashi a cikin wannan farin yake, ragowar kuma furotin ne da bai narke ba.

Muddin yana bushe, yurik asid ba ya wari, ba ya zuwa ko'ina. Sai ya samu laima da ɗumi ƙwayoyin bakteriya da ke cikin shimfiɗar ƙasan ɗakin suke far masa, su farfasa shi mataki-mataki har ya koma yuriya, daga nan ya koma amoniya. Amoniyar ce iskar da ke yaji a ido. Ma'aunin pH na shimfiɗar, wato awon tsaminta ko kanwarta, shi ma yana da ta cewa: in yana ƙasa da 7, amoniya na zama a ɗaure cikin taki, in ya haura 8 sai ta riƙa tsinkewa tana tashi. Laima, zafi da pH, su ukun nan ne ke buɗe wa naitirojin ƙofa.

Warin yana cutar da kajin ne, ko mutane kawai yake damu?

Kajin ya fi cuta, domin su ba sa fita shan iska. Amoniya na lalata 'yan siraran gashin da ke cikin maƙogwaronsu, waɗanda ke share ƙura da ƙwayoyin cuta, sai mura da ciwon huhu su samu hanya. In ta yi yawa tana ƙona ido, za ka ga kaza ta rakuɓe a gefe idonta a rufe, ba ta zuwa wajen abinci. Girma kuma na ja baya tun kafin a ga wata alama a fili.

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce kada amoniya ta wuce kashi 25 cikin miliyan na iskar ɗaki. Dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2007 kan kiwon kajin nama ta sa iyakar a kashi 20 cikin miliyan ga gidajen da ke cika kaji sosai, ta kuma ce a auna a daidai tsayin kan kaza. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana burge ni. Na taɓa shiga wani ɗaki tare da mai shi, yana tsaye yana ce mini babu wari. Na roƙe shi mu durƙusa. Da muka kai fuskokinmu daidai mashaya, ba mu yi minti ɗaya ba ya miƙe yana share ido. Hancin mai kiwo na sabawa da warin har ya daina jin sa, saboda haka a durƙusa, ko a sayi takardar awon amoniya.

Me ake nufi da ƙarin sinadarai? Ba firimis ba ne?

Firimis, wato gaurayen bitamin da ma'adinai, yana ciki, amma maganar ta fi shi faɗi. Ana nufin duk wani abu da ake sa wa kaɗan a cikin tan guda na abinci don ya yi wani aiki na musamman: amino asid na masana'anta, inzayim masu taimakon narkewa, ƙwayoyin bakteriya masu amfani, asid-asid masu gyara hanji, man tsirrai, da garin wasu duwatsu masu kama amoniya. Aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma ba dukansu ne kwalliya ke biyan kuɗin sabulu ba.

To wanne ne ya fi rage asarar naitirojin?

Amino asid na masana'anta, in an haɗa su da rage furotin. A nan ba ni da shakka ko kaɗan, kuma shi ne abin da aka fi tabbatarwa a gwaje-gwaje.

Abin da jikin kaza ke nema shi ne amino asid, wato ƙananan tubalan da suka haɗu suka zama furotin, kuma tana neman kowanne gwargwadon ƙima. Kamar magini ne da aka tara wa bulo dubu aka ba shi siminti buhu ɗaya: inda simintin ya ƙare nan ginin zai tsaya, sauran bulon ya zama tarkace. A abincin masara da waken suya, wanda ke fara ƙarewa shi ne metayonin, sai laisin, sai tiriyonin. Da zarar ɗaya ya gaza, jiki ba ya iya ajiye rarar sauran. Hanta ce za ta cire musu naitirojin, ta mayar da shi yurik asid, a zubar. Wannan aiki ma kansa ƙarfi yake ci, ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen girma.

Hanyar da aka saba bi a da ita ce a yi ta ƙara waken suya har sai metayonin ya isa, ko da sauran sun yi ambaliya. Yanzu da ake samun metayonin da laisin da tiriyonin da balin a buhu, ana iya rage waken, a cike giɓin da waɗannan kai tsaye. Abin da aka saba gani shi ne, duk maki ɗaya da aka rage na furotin, misali daga kashi 20 zuwa 19, naitirojin da ke fita a kashi na raguwa da kimanin kashi 10 cikin 100. Ka koma kan lissafinmu na farko ka gwada: kilo 4 a kashi 19 ya ba da naitirojin giram 122, cire 74, saura 48 a maimakon 54.

Akwai wata riba a gefe da ba a cika ambata ba. Kazar da ba a cika mata furotin ba ba ta shan ruwa da yawa, saboda ba ta da rarar da za ta wanke. Shimfiɗa sai ta fi bushewa, gyambon tafin ƙafa ya ragu, amoniyar da za ta tashi daga ɗan abin da ya fita ma ta ragu.

In haka ne, me zai hana in zaftare furotin sosai in huta?

Akwai iyaka, kuma wanda ya ƙetare ta zai gani a sikeli. Rage maki ɗaya ko biyu tare da cike amino asid yawanci ba ya taɓa girma. In aka zarce haka, wasu tubalan da a da ba a damu da su ba sai su fara gazawa: aisolusin, ajinin, da kuma gilaisin. Shi gilaisin labarinsa na daban ne, domin kaza na kashe ƙwaya ɗaya tasa a kan kowace ƙwayar yurik asid da ta ƙera, ga kuma buƙatarsa wajen gina fata da jijiyoyi. 'Yan tsaki sun fi jin rashinsa.

Alamar an wuce gona da iri ita ce kaza ta ci da yawa, nauyi ya ƙi hawa, in an yanka a ga kitse ya taru a ciki, tsokar ƙirji kuma ta ragu. Abincin farko, mai furotin kashi 22 zuwa 23, ba wurin gwaji ba ne. In za a rage, a fara da abincin ƙarshe, lokacin da kajin suka fi ci suka kuma fi kasayarwa. Kuma wannan aikin mai haɗa abinci ne da ya san lissafin amino asid masu narkewa. Wanda ya debe waken suya ya cike da dusa bai yi abin da nake bayani ba, yunwa kawai ya sa wa kajinsa.

Inzayim fa? Ana ta tallar su.

Suna aiki, in an zaɓi wanda ya dace da hatsin da ke cikin abincin.

Wanda ya fi shahara shi ne faitez. Wajen kashi biyu cikin uku na fosfaras ɗin da ke cikin hatsi da waken suya a ɗaure yake cikin wani sinadari mai suna faitet, wanda kaza ba ta iya kwancewa sosai. An fara sayar da faitez a ƙasar Holan a 1991, lokacin da fosfaras ɗin takin dabbobi ya zame wa ƙasar matsala. Babban aikinsa a kan fosfaras ne, amma shi faitet ɗin yana riƙe furotin da ma'adinai ma, don haka in an farfasa shi amino asid na ɗan ƙara samuwa.

Zailanez na abinci mai alkama ne, bita-gulukanez na mai sha'ir. Waɗannan hatsi suna da wani zare mai narkewa da ke mayar da abin cikin hanji yauƙi-yauƙi, narkewa ta yi wuya, kashi ya fito da danƙo yana manne wa 'yan tsaki a gindi. Inzayim ɗin na tsinka yauƙin. A abincin masara zalla tasirinsu bai kai haka ba. Furotiyez kuwa furotin yake farfasawa kai tsaye, kuma an fi ganin amfaninsa inda kayan haɗin ba su da inganci sosai, ko inda aka riga aka rage furotin.

Abu biyu nake so a riƙe. Inzayim shi ma furotin ne, zafi na kashe shi, saboda haka in za a murza abincin ya zama ƙwaya-ƙwaya da tururi, a tabbata an sayi mai jure zafi. Sannan in ka sa inzayim ka bar furotin da fosfaras yadda suke, ka biya kuɗi sau biyu. Ribarsa na fitowa ne in an rage abin da ya zo ya 'yanto.

Maganin antibayotik a abinci ba ya sa girma? Iyayenmu a sana'ar da shi suka yi kiwo.

Yana sawa, ba a musun wannan. A ƙarshen shekarun 1940 ne wasu masana biyu a Amurka, Thomas Jukes da Robert Stokstad, suka lura cewa 'yan tsakin da aka ba tuƙar da ta rage wajen haɗa maganin oriyomaisin sun fi sauran saurin girma. Daga nan al'adar ta bazu a duniya.

Illar ta bayyana daga baya. Ƙwayoyin cutar da ke haɗuwa da ɗan magani kullum suna koyon jure shi, kuma ba a gidan kaji suke tsayawa ba, suna bin taki da ruwa da nama su kai ga mutane. Suwidin ta hana amfani da shi don sa girma a 1986, Tarayyar Turai ta hana gaba ɗaya daga farkon 2006, Amurka kuma ta rufe wannan ƙofa a 2017 ga magungunan da ke da muhimmanci a lafiyar ɗan Adam. Ra'ayina a fili yake: antibayotik na kaza mara lafiya ne, bisa umarnin likitan dabbobi, tare da kiyaye kwanakin dakatar da maganin kafin yanka. Ranar da ɗanka zai kwanta asibiti a ce maganin ya daina ci, ba za ka tuna da giram ɗin da kajinka suka ƙara ba.

Furobayotik da asid da man tsirrai sun maye gurbinsa?

Sun taimaka, amma sakamakonsu na hawa da sauka. Tunanin furobayotik, wato ba kaji ƙwayoyin bakteriya masu amfani, ya samu gindin zama ne a 1973, lokacin da Esko Nurmi a ƙasar Finlan ya nuna cewa in aka ba 'yan tsaki ƙwayoyin hanjin manyan kaji masu lafiya, ƙwayar cutar salmonela ba ta samun wurin zama a cikinsu. Yau an fi amfani da dangin Bacillus, saboda suna jure zafin injin murza abinci, sai Lactobacillus da yis. Wanda ake sawa a ruwa kuma, in ruwan na da kulorin, an kashe shi tun kafin ya kai bakin kaza.

Asid irin su fomik da furofiyonik suna hana miyagun ƙwayoyi sakewa a abinci da farkon hanji. Butirik asid abinci ne ga ƙwayoyin bangon hanjin kansa. Man tsirrai irin su taimol da kabakurol suna da ƙarfin kashe bakteriya a ɗakin gwaji, a cikin kaza kuma wani lokaci a ga bambanci, wani lokaci shiru.

Dangantakarsu da naitirojin ta bayan gida ce. Hanji mai lafiya ya fi tsotse furotin. Furotin da ya kuɓuce ya gangara ƙarshen hanji kuwa abinci ne ga Clostridium perfringens, mai haddasa ruɓewar hanji, musamman in ciwon koksidiya ya riga ya yi masa rauni. Abin da na lura da shi shi ne, a gidan da ke da tsafta da iska tasirin waɗannan kayan kaɗan ne, a gidan da kaji ke cikin matsi ya fi fitowa. Amma ba su taɓa gyara mashaya mai yoyo ba.

Ana cewa yuka da ziyolait da gawayi suna kashe wari. Gaskiya ne?

Yuka tsiro ne na hamadar kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko, sunansa na kimiyya Yucca schidigera. Ana sa ɗan kaɗan na garinsa ko ruwansa a abinci, wasu sinadaransa su bi kashi su kama amoniya. Ziyolait dutse ne mai ƙananan ramuka da ido ba ya gani, yana riƙe amoniya da ruwa, nau'in da aka fi sawa shi ne kilinoftilolait. Gawayin da aka ƙona musamman don noma shi ma yana tsotsa.

Suna rage wari, wani lokaci sosai, wani lokaci kaɗan. Kada dai a sa ran za su ƙara nauyi kai tsaye. Ziyolait da gawayi ba abinci ba ne, in aka cika su sun cinye gurbin masara da wake, kuma suna iya riƙe wasu magunguna da ma'adinai da aka sa don amfanin kazar. A tsaya kan ƙimar da mai kayan ya rubuta.

In wari ya ragu, ai naitirojin da kaza ke fitarwa ya ragu ke nan?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Asarar hawa biyu ce. Akwai abin da ya fita daga kaza zuwa ƙasa, akwai kuma abin da ya tashi daga ƙasa zuwa iska. Amino asid da inzayim da lafiyar hanji suna aiki a hawa na farko, suna rage abin da ke fitowa tun asali. Yuka da ziyolait da bushewar shimfiɗa suna aiki a hawa na biyu: abin ya riga ya fito, su dai hana shi guduwa suke yi.

Bambancin na da amfani ga mai sayar da taki ko mai gona. In ka rage furotin, takinka zai ɗan rage naitirojin, amma kuɗin ya tsaya a aljihunka tun a wajen sayen abinci. In ka ɗaure amoniya, takinka ya ƙara ƙarfi. Wanda ya haɗa biyun ya fi kowa cin riba. Mai talla da ya ce maka kayansa na rage naitirojin, tambaye shi a wane hawa.

Na canza abinci, kashi ya koma ruwa-ruwa. Me ya jawo?

Ruwa ba ya tsami banza. Fara duba gishiri, domin in ya yi yawa kaji za su yi ta sha suna tsiyayarwa. Waken suya na ɗauke da fotasiyam wajen kashi 2 cikin 100, in an cika shi sakamakon ɗaya ne. Waken da bai gasu sosai ba yana da sinadarin da ke hana furotin narkewa, wanda ya ƙone kuma laisin ɗinsa ya lalace. Sai man da ya yi ɗoyi, da hatsi mai fumfuna, da ciwon koksidiya. Burola mai lafiya na shan ruwa kimanin ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na nauyin abincinta, in ka ga ya zarce haka ba tare da zafin gari ba, akwai magana.

Ga gwajin da nake yi a kowane ɗaki. Ɗebi shimfiɗa cikin tafin hannu, nesa kaɗan da mashaya, ka damƙe ka saki. In ta ɗan haɗu sannan ta wargaje, laimarta na wajen kashi 20 zuwa 25, daidai ke nan. In ta zama curi ta manne a yatsu, ta jiƙe, amoniya na aiki. In ta ƙi haɗuwa sam tana tashin ƙura, ta bushe fiye da kima, ita ma tana da tata illar ga huhu.

Zan iya barbaɗa farar ƙasa ko toka a kan shimfiɗa don kashe warin?

Kada ka yi hakan alhali kaji na ciki. Dukansu biyu suna ɗaga pH, sai amoniyar da ke ɗaure ta tsinke gaba ɗaya ta tashi kan kajin. Daga baya warin zai lafa, amma don naitirojin ya riga ya gudu ne. Farar ƙasa na da wurinta wajen tsabtace ɗakin da babu kowa.

Masu saukar da pH su ne ke riƙe naitirojin: alif irin wanda ake tace ruwa da shi, da sodiyam baisalfet. Ana sa su a shimfiɗa kafin a zuba sababbin 'yan tsaki, ba a abinci ba. Alif na da ƙarin amfani, yana ɗaure fosfaras kada ruwan sama ya wanke shi daga gona. Ƙarfinsu na makonni kaɗan ne, kuma suna ƙuna, a sa safar hannu da abin rufe ido.

In na haɗa su duka a abinci ɗaya, ribar za ta taru?

Ba ta taruwa kamar lissafin ɗaya da ɗaya. Da yawansu rijiya ɗaya suke ɗiba, abin da faitez ya riga ya 'yanto furotiyez ba zai sake 'yanto shi ba. Wasu ma suna karo da juna, kamar mai kashe bakteriya da bakteriyar da aka saya da kuɗi.

Wanda ba ya kiwo, me ya shafe shi da wannan?

Amoniyar da ta fita ta taga ba ɓacewa take yi ba. Tana haɗuwa da hayaƙin motoci da masana'antu ta zama ƙura mai laushi da ke shiga can cikin huhu, ko ta sauko da ruwan sama ta sa ƙasa tsami. A Tarayyar Turai fiye da kashi 90 cikin 100 na amoniyar da ke shiga iska daga noma da kiwo take fitowa. Takin da aka jibge ruwa na dukansa yana sakin naitiret ya gangara rijiyoyi da rafuka. Wani ɓangaren kuma na zama iskar naitiros oksaid, wadda kilo ɗaya nata ke riƙe zafi kusan sau 270 na kilo ɗaya na iskar kabon a tsawon shekara 100.

Bayan an kwashe taki, ta yaya zan hana sauran gudu?

Duk wahalar da ka sha a abinci na iya tafiya a banza a mako biyu in ka bar tsibin a fili. A tara shi a inuwa, a kan daɓe, a rufe shi da leda ko rumfa, kada ruwa ya taɓa shi. In za a ruɓar da shi, a gauraya da abu mai yawan kabon kamar kara ko dusar katako, domin ƙwayoyin da ke cin su suna riƙe naitirojin a jikinsu. Yawan juya tsibi na sakin amoniya. In an kai gona, a binne shi cikin ƙasa a ranar, kada a bar shi a sama rana da iska su sha romonsa.

Ta yaya zan san ko wani sinadari ya yi mini aiki a gonata?

Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwajin na da ƙa'ida. Kwatanta zubin bana da na watan jiya ba gwaji ba ne, domin yanayi ya canza, 'yan tsakin ma ba ɗaya ba ne. Raba zubi guda gida biyu, ko huɗu in da hali, a ɗaki ɗaya, yawansu ɗaya, maza da mata a gauraye daidai. Rabi su ci abinci mai sinadarin, rabi su ci marar shi, kada a canza komai bayan wannan.

Auna duk abincin da ka zuba da wanda ya rage. Kowane mako ɗora aƙalla kaji 30 daga kowane ɓangare a sikeli, ka kama su yadda suka zo hannu, ban da zaɓen manya. Rubuta waɗanda suka mutu da nauyinsu. Duba tafin ƙafar guda 20, damƙi shimfiɗa, auna amoniya da asuba kafin a ɗaga labule. A ƙarshe raba kilon abincin da aka ci da kilon naman da aka samu, sannan ka lissafa abin da kowane kilo na nama ya ci maka tare da kuɗin sinadarin a ciki. In bambancin ɗan kaɗan ne, maimaita a zubi na gaba, ka musanya ɓangarorin, waɗanda ke kusa da ƙofa su koma ciki, na ciki su dawo bakin ƙofa.